Modar Kaka Ta Sha Ruwa

A ɗakin Kaka, kusa da taga, akwai tukunyar moda. Shuka ce mai dogayen ganye masu tsini, da zane kamar bayan maciji. Kaka ta ce tana gyara iskar ɗaki. Baba ya ce shi dai abin da ya sani, shukar ba ta taɓa damun kowa ba, ba kamar wasu 'yan gidan ba.

Da za a kwantar da Kaka a asibiti, sai ta kira jikarta Auta.

"Ga amanar modata nan," in ji ta. "Ba ta son ruwa da yawa. Ki taɓa ƙasar da yatsa. In ta bushe ƙamas, ki ɗan zuba."

"To, Kaka," in ji Auta. Kalmar "zuba" ce kawai ta shiga kunnenta.

Ta zuba da safe. Ta zuba bayan makaranta. Duk lokacin da kewar Kaka ta kama ta, sai ta ƙara kofi ɗaya. Kewar kuwa ba kaɗan ba ce.

Yayanta ya leƙo ya ce, "Kifi kike kiwo a ciki?"

"Yaya, don Allah ka tafi ƙwallonka."

Ba a daɗe ba ganyen ya soma yin rawaya. Ya yi laushi, ya kwanta. Tukunyar ta fara wari. Ga shi an ce Kaka ta kusa dawowa.

Auta ta tokare ganyen da tsinke. Ya sake faɗuwa, har da tsinken. Ta tafi wurin Mama da hawaye.

Mama ta juye tukunyar a tsakar gida. Saiwar ta ruɓe, ta yi baƙi.

"Wa ya ce ki riƙa zubawa kullum?"

"Gani na yi kamar tana jin ƙishirwa."

"Ita ta gaya miki?"



Mama ta sami ganye biyu masu lafiya. Ta yanke su, ta bari bakin yankan ya bushe. Auta ta dasa su a ƙasa mai yashi.

Da Kaka ta dawo, Auta ba ta ɓoye komai ba. Kaka ta daɗe tana kallon tukunyar.

"Shekara da shekaru ina mantawa da ita, ba ta mutu ba," in ji ta. "Ke kuma da kika tuna da ita, sai ta ruɓe. Zo nan, 'yar nema."

Ta rungume ta. Daga nan Auta ba ta zuba ruwa sai ta taɓa ƙasar. Bayan dogon jira, wani ɗan tsiro kore ya leƙo a gefen ganyen.

Auta ta koyi cewa in an ba ka amana, ka saurari bayanin har ƙarshe. Kulawa ita ce ka ba abu abin da yake buƙata, ba abin da ranka yake so ba.