Jeren Turai a Cikin Hayis

Ƙarar injin yankan ƙarfe ce ta tsayar da Turai a bayan tashar Wudil. Wani saurayi ne ya duƙufa yana fasa taga a jikin tsohuwar hayis da aka kwashe wa kujeru.

"Malam, me motar nan ta yi maka?"

Ya ɗage tabarau, ya kalle ta har sai da ta sunkuyar da kai. "Gida nake ginawa, ranki ya daɗe. Sunana Saifuddeen."

Injiniya ne mai gyaran injin ban-ruwa, kullum yana hanya tsakanin Indabo da Achika, ya gaji da kwana a zaurukan mutane. Ita kuwa ungozoma ce a asibitin ƙauye, ta ma fi shi gajiya. Tun da soja suka koma bariki ake yi musu alkawarin gidajen ma'aikata, har yau ko bulo ba a ajiye ba. La'asar na yi ma'aikatan asibiti duk su nufi gari, mai naƙuda ta jira safiya in za ta iya, a kuma ce haka Allah ya so. Abin nan ya hana Turai sukuni.

Kan a jima ta zama mai duba aiki. Ita ta ce a kafe risho nesa da labule, ita ta zaɓi wurin tankin ruwa.

"Turaina, na gama rufi. Abu ɗaya ya rage, wadda za ta riƙa yi min faɗa a ciki," ya rubuto mata.

"Injiniya, ka turo manya. Faɗa dai ba za ka rasa ba."

Da manya suka zo, mahaifinta Malam Isyaku ya ɓata rai. Ga Kansila Sabo da gidan siminti yana ta aike, a ce a kai 'yarsa mota? Turai ta daina cin abincin kirki, tana kai da komo a tsakar gida, har tsohon ya gaji.

"Gwaggonki Hansai ta je ta gani. In ta ce ɗaki ne, na ba shi. In ta ce a'a, kada a sake yi min zancen."

Jin haka Saifuddeen ya zage. Ya haɗa gado, ya sa katifa, ya shimfiɗa leda, ya rataya labule, ya jera kwanoni har da ludayi.

Gwaggo ta hau da ƙyar, ta duba sama da ƙasa, ta sauko ta kama hanya. Sai a gida ta yar da mayafi.

"An raina mu! Ko marainiya danginta ke yi mata jere. Yaron nan ko ƙusa bai bar mana mu buga ba."

Inna, mahaifiyar Turai, ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa.

"Nauyi na so in sauke musu, masoyiya. Iyaye nawa ke sayar da gona saboda kayan ɗaki? Ai ke kika fi ni zagin al'adar," Saifuddeen ya rubuto da Turai ta gaya masa abin da ya faru.

Ta daɗe riƙe da wayar, don gaskiya ya faɗa.

"Har gobe zan zage ta. Amma tun ina firamare Inna ke tara min langa a ƙarƙashin gadonta. Ranarta ka ƙwace, ba ka ko tambaye ta ba."

Kwanaki suka wuce. Turai ta duba wayar tana jiran saƙonsa har ta gaji, a asibiti allura ta kusa suɓuce mata. Motar Kansila kuwa ta fara fakewa a ƙofar gida.

Ranar Juma'a, ana tsaka da hayaniyar cin kasuwa, hayis ta kutso lungunsu. Saifuddeen ya buɗe ƙofar baya. Wayam, sai ramukan ƙusa. Ya cire duk abin da ya gina da hannunsa.

Ya durƙusa gaban Gwaggo. "Na yi wauta, a gafarce ni. Ga ɗakin, naku ne."

Gwaggo ta harare shi, ta hau, ta auna bango da kamu.

"Kai, ɗan nan, in ka faɗa rami tangaran ɗinmu fa?"

"Sai in buga katako a bakin kantar jere, Gwaggo."

"Inda na nuna za ka buga." Ta leƙo ta taga. "Isyaku! Ƙarami ne, amma ɗaki ne."

Turai ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

Ranar jere mata suka cika lungu, bibbiyu suke shiga. Gadon da Inna ta saya sai da aka rage masa ƙafa, rabin langar kuma aka bar wa ƙanwar Turai. Inna da kanta ta ɗaure kowane murfi da ƙyalle, tana guɗa har muryarta ta dishe.

Bayan ɗaurin aure Malam Isyaku ya dafa murfin motar ya daɗe yana addu'a.

"Duk garin da kuka sauka, Allah ya sa ku zame musu alheri. Allah ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

"Amin, Baba."

Saifuddeen ya tayar da mota. "Ina muka nufa, amaryata?"

Ta share hawaye. "Achika. Akwai mai ciki wata tara. Ka bi a hankali, kwanonin Inna ne a baya."