Titi a Kan Auta

Ku matso kusa, yara, ku ji labarin wata yarinya 'yar aji biyar.

Mahaifinta mai aski ne. Shagonsa ƙarami ne, da kujera ɗaya mai juyawa, da madubi, da dogon benci na masu jiran layi. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa yarinyar, shi ya sa kullum yake kiranta Uwata.

A makarantarsu kuwa hira ɗaya ce, hirar dandalin sada zumunta. Wa ya sa hoto? Mutum nawa suka kalla? Ita ba ta da waya, sai ta yayarta da take ara. Duk abin da ta sa, mutum shida ne ke kallo, uku daga ciki ma 'yan gidansu ne.

Wata rana Baba yana yi wa ƙaninta Auta aski. Ita tana kan benci da wayar Yaya, tana ɗaukar su bidiyo. Sai ƙuda ya sauka a hancin Auta, ya fizge kai. Injin aski ya zarce, ya share gashi tun daga goshi har ƙeya.

Baba ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "To Auta, ga titi na buɗe maka. Saura motoci."

Yarinyar ta koma gida. Ta yanke farkon bidiyon, inda ƙudan yake, don ya fi ban dariya. Ta rubuta, "Mai askin unguwarmu ya buɗe titi." Ta tura dandali, ba ta tambayi kowa ba.

Kafin kwana biyu, mutum dubu goma sun kalla. A makaranta har matsa mata ake yi ta zauna.

Amma a shago labari ya sha bamban. Samari suka riƙa leƙowa suna cewa, "Mai titi, yaushe za a zuba kwalta?" A dandali wani ya rubuta cewa mai askin ba ya gani sosai. Wani da bai taɓa taka shagon ba ya ce, "Ni ma ya taɓa yanka mini kunne."

Benci ya fara zama babu kowa. Wani mutum ya zo da ɗansa, ya dubi wayarsa, ya dubi Baba, ya ce, "Bari mu je mu dawo." Ba su dawo ba.

A gida, Auta ya leƙa kwano ya ce, "Mama, yau ma babu nama?"

"Ci abin da ka samu," in ji Mama.

Da yamma yarinyar ta kai wa Baba ruwa. Ta same shi yana goge injin da ba a yi aiki da shi ba tun safe.

Ya ce, "Uwata, ke kin san kan waya. Duba mini, wa ya sa abin nan? Ina so in san me na yi masa."

Ta ce, "Ni ce, Baba."

Bai daka mata tsawa ba. Da ma ya daka, da ya fi mata sauƙi. Ya dubi kujerar, ya ce, "Shekara ashirin mutane suna miƙa mini kansu, suna rufe ido. Je ki gida."

Ta ruga ta goge bidiyon daga dandali. Yaya ta karɓe wayarta ta ce, "Kin goge naki. Na wayoyin mutane fa, wa zai goge?"

Washegari malamin ajinsu ya ga idonta ya kumbura. Ya tsayar da ita bayan an tashi, ta faɗa masa komai.

"Amma Malam, ban yi ƙarya ba. Abin ya faru."

"Kin nuna ƙudan?"

"A'a."

"Kin ce ƙaninki ne?"

"Ban ce ba."

Malam ya ce, "To kin gutsura gaskiya, kin miƙa wa mutane guntun. Ki nemi izinin babanki, ki sa cikakken."

Baba ya yarda. Ta sa cikakken bidiyon, ta rubuta cewa ita ce mai laifi. Mutum arba'in ne kawai suka kalla.

Ta koma wurin Malam da hawaye. "Ba sa son wannan. Dariyar kawai suke so."

"To a bar waya, a koma ga ƙafa," in ji shi.

Ya bi ta har shago. Ya zauna a kujera, ya ce wa Baba, "Ga kaina. Ka kwashe duka, mutanen layin nan su gani." Baba ya yi murmushi, karo na farko cikin mako uku.

Ita kuwa ta bi gida-gida, wurin tsofaffin masu zuwa aski. Ta je wurin tela, da mai gyaran keke, da direban motar makaranta. Ko'ina sai ta durƙusa ta yi bayani. Wani ya yi mata faɗa. Wani ya rufe ƙofa. Tela dai ya shafa kansa ya ce, "Ai ni ma na gaji da wannan gashi. Ce masa ina tafe."

Sannu a hankali benci ya sake cika, ko da yake wasu ba su dawo ba har yau. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa, Baba ya leƙo ya ce, "Uwata, aro mana kujera a maƙwabta." Ta tafi da gudu tana dariya.

Yara, kafin ku tura hoton wani a dandali, ku tambaye shi. Kuma ku tuna, abin da ya ba ku dariya na minti ɗaya yana iya hana wani gida abinci.