Jirgin Fiton Garin Osupa

"Ka rufe masa me?"

Muryar Moradeke ce ta tsaga ɗakin taron, har Oga Adisa, mai kamfanin, ya sauke kofin shayinsa.

Folarin ya gyara wuyan rigarsa, ya yi murmushin nan nasa mai sa mutum ƙaiƙayin hannu.

"Na rufe masa ƙofar shiga wasan. Saurayinki Tunbosun shi ke kwashe mana mutane, Radeke. Dubi allon."

Ta duba. A da mutum dubu arba'in ne ke biyan kuɗin shiga Garin Osupa duk wata. Yau da safen nan, dubu biyu da ɗari uku suka rage.

"Ga kuma saƙon da ya tura wa 'yan ƙungiyarsa," in ji Folarin, ya turo mata wayarsa. "Karanta da ƙarfi mana, kowa ya ji."

Ta karanta a zuci. *Garin ya zama kufai. Ku zo mu haɗu a wani wuri.*

Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Kawu," Folarin ya juya wajen tsohon, "wasan nan ya shekara goma sha huɗu. Ya tsufa. Mu kashe shi ƙarshen wata, mu yi sabo."

Oga Adisa ya daɗe yana kallon allon. Shi ya gina garin nan da hannunsa, a wani ɗan ɗaki a Yaba, tun janaretonsa na tari kamar mai mura.

"Radeke, ke ce kike sauraron koken 'yan wasa. Me kika ce?"

"Ka ba ni sati uku, Oga."

"Ki yi me da su?"

"In gano abin da ya kore su. Ruwa ba ya tsami banza!"

"Na ba ki."

To, 'yan matana, bari in koma da ku baya kaɗan, don ku san abin da ya sa jinin yarinyar nan ya tafasa.

Garin Osupa gari ne na cikin kwamfuta. Kowa ya shiga sai ya zaɓi abin da zai zama, maharbi ko maƙeri ko mai magani, a haɗu a yi ƙungiya a tafi farautar dodanni. Tsakanin garin da dajin dodannin akwai kogi, kuma a da babu hanyar haye shi sai jirgin fito. Minti goma cur jirgin yake yi a kan ruwa. Ba faɗa, ba ciniki, sai zama.

A cikin jirgin nan ne, shekara shida da suka wuce, wani maƙeri ya rubuto wa wata maharbiya, wato Radeke: "Sannu da zama. Sannu da riƙon baka. Sannu da jiran jirgin da ba ya sauri."

Ta ce, "Kai ba ka gajiya da gaisuwa?"

Ya ce, "Ni marayan Ikorodu ne. Gaisuwa ce gadona."

Shi ke nan fa! Daga jirgi zuwa waya, daga waya zuwa cin tuwon amala da miyar ewedu a bakin tasha. Ashe maƙerin, wato Tunbosun, a zahiri makanikin injin jiragen ruwa ne, dogo, mai wushirya, hannunsa kullum da baƙin mai.

Ranar taron, da yamma, Radeke ta isa gida Surulere ta tarar da kwandon lemu da abarba a tsakar falo. Mahaifiyarta, Alhaja Sikirat mai shagon leshi a kasuwar Balogun, tana zaune tana fifita.

Radeke ta durƙusa. "Sannu da gida, Mami."

"Sannu da aiki. Kin ga abin arziki? Folarin ne ya aiko. Yaro ɗan dangi, kakansa ma na san shi."

"Sai a ba maƙwabta, kada ya ruɓe."

"Ke! Ni kike gaya wa haka?"

"Mami, Bosun nake so. Kin sani."

Alhaja ta tafa hannu sau uku, ta riƙe haɓa.

"Mijin cikin kwamfuta! To na ji, yana da sana'a, yana sallah, ban ce ɓarawo ne ba. Amma gaya mini, ranar neman aure, in alaga mai jan ragamar biki ta ce ango ya shigo da mutanensa su kwanta a gabanmu, wa zai kwanta tare da shi? Injin jirgi? Ba uwa, ba uba, ba wa, ba ƙane. Ni Sikirat, in tara matan Balogun kaf, su ga surukina ya kwanta shi kaɗai kamar tabarmar da aka manta a rana?"

"Yana da mutane, Mami."

"Ina suke?"

Radeke ta buɗe baki... sai lambar nan ta allon ta faɗo mata a rai. Dubu biyu da ɗari uku, kullum raguwa take.

"Zan nuna miki su," ta ce.

"To ya kawo su in gani da idona. In ya cika mini rumfa, na ba shi ke. In bai cika ba, ki fara koyon son abarba."

Washegari ba ta je ofis ba. Ta hau jirgin ruwa zuwa Ikorodu, ranta a dagule. Ta same shi tsugune a kan wani inji, ya yi kaca-kaca da mai.

"Aduke!" ya ce, sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi. "Yau wace rana?"

"Kada ka Aduke ni! Kai ka rubuta wannan?"

Ya karanta, ya goge hannunsa da tsumma a hankali.

"Ni ne."

"Bosun... aikina ne fa. Garinmu ne. A nan ka same ni!"

"Zauna, masoyiya."

"Ba zan zauna ba!"

"To tsaya, amma ki riƙe wannan."

Ya miƙa mata wayarsa. Saƙonni ne ke shigowa kamar ruwan sama. *Sannunku da tashi. Sannu da zafi, mutanen Ilorin. Iya Ibeji, yaya ƙafar? Maharbin Kotonu ya samu ƙaruwa, namiji!*

"Su waye waɗannan?"

"Mutanen Osupa mana. Zaure goma sha biyu muke da shi a waya. Mun haura dubu shida."

"Amma... me kuke yi a nan? Ba dodo, ba farauta?"

"Gaisawa muke yi."

Ya karɓi wayarsa, ya ci gaba.

"Aduke, tun da Folarin, ɗan Ingilan nan, ya dawo ya cire jirgin fito, ya sa ƙofar da za ka taɓa ka tsinci kanka a daji nan take, wa kika ƙara gaisawa da shi a garin? Kowa ya shigo a guje, ya kashe dodonsa, ya fita. Iya Ibeji ta yi wata huɗu a asibiti, ba wanda ya lura ba ta nan. A zamanin jirgi, kwana biyu ba za ta yi ba sai an tambaya. Ranar da na ji labarin ne na rubuta saƙon nan."

Daidai lokacin wani jirgin ruwa a nan tashar ya cika zai tashi. Wata mata ta shigo da kwandon kifi tana cewa, "Sannunku da zama!" Jirgin gaba ɗaya ya amsa, "Sannu da zuwa, Iya!" Wani dattijo ya matsa mata. Kafin a kunce igiya har an fara gardamar farashin barkono.

Radeke ta dafe kai.

Shekara biyu tana karanta koken mutane, kowa yana cewa garin ba daɗi, su kuwa a ofis sai ƙara dodanni suke yi, masu kai uku, masu kai bakwai!

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na rubuta wa ofishinku sau biyar. Wa ke duba shawarwari?"

"Folarin," ta ce a hankali.

Sai ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Na zarge ka, Bosun. Tun daga Legas nake shirya zagin da zan yi maka."

"Allah ya sa mai daɗi ne, kada ya tafi a banza."

Ta kai masa duka a kafaɗa, mai ya ɓata mata hannu, suka yi ta dariya.

Ranar Alhamis ta shiga ofishin Oga Adisa da takarda ɗaya tak. Ta ja layi a kan watan da aka cire jirgin. Daga nan lambar ta fara gangara, ba ta ƙara ɗagowa ba. A ƙasa ta liƙa wasiƙun Tunbosun biyar, da ta tono daga inda aka jefar da su.

Folarin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, ka ji fa! Wai mutane za su biya kuɗi don su zauna jira. A Landan, daƙiƙa uku in ka ɓata wa ɗan wasa ya tafi."

"Yaya Folarin," in ji Radeke, "nan ba Landan ba ne. Nan in ka wuce mutum ba ka ce masa sannu da zama ba, sai ya bi ka har gida ya ji wa ya haife ka. Kai ka gina mana garin da ba wurin cewa sannu."

Oga Adisa ya karanta wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya kalli ɗan ƙanwarsa.

"Ka ga waɗannan?"

"Kawu, ai shirme ne na..."

"Ka gansu ko ba ka gansu ba?"

Folarin ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. "Kun san abin da ya sa na yi jirgin nan tun farko? Injinmu ne ba shi da ƙarfi, sai ya yi minti goma kafin ya buɗe dajin. Na sa jirgi don in rufe kunyata. Ashe shi ne garin." Ya miƙe. "A mayar da shi. A buɗe wa yaron nan ƙofarsa. Kai kuma Folarin, ka koma sashen zanen dodanni, tun da su kake so."

Ranar Asabar da la'asar jirgin fito ya dawo bakin kogin Osupa.

Radeke ta shiga da maharbiyarta. Ba kowa. Tabarmin jirgin fayau, sai ƙarar ruwa. Minti ɗaya, minti biyu...

Sai ga maƙeri ya taho, ya zauna gefenta.

*Sannu da zama. Sannu da riƙon baka.*

Hawaye ya zubo mata a kan madannai. Ta rubuta: *Mu kaɗai ne, Bosun.*

*Waiwaya, Aduke.*

Ta juya da maharbiyar. Tun daga bakin kasuwa har gangaren kogi mutane ne, maharba, masu magani, 'yan kokawa, wasu da tsofaffin kayan da aka daina yayinsu tun shekara goma. Wata mai magani ce a gaba tana dogara sanda.

*Iya Ibeji ta iso! Ku matsa mini, ƙafata ba ta son tsayuwa!*

Ranar nan sawu tara jirgin ya yi, kuma rabin mutanen ko sauka ba su yi ba. Dodanni suka wuni a daji ba wanda ya kula su.

Ba zan yi muku ƙarya ba, dubu arba'in ba su dawo ba. Wasu sun girma, wasu sun koma wasu wasannin, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Amma ƙarshen wata allon ya nuna dubu tara da 'yan kai, kuma Oga Adisa bai ƙara zancen rufewa ba.

Saura Alhaja.

An kafa rumfuna a Surulere, matan Balogun sun sha ɗaurin gwaggwaro ruwan hoda, kowacce ta zo da idonta da bakinta. Radeke tana ɗaki an lulluɓe ta, tana leƙe ta taga. Alhaja na zaune a kujerar gaba, fuska ba yabo ba fallasa.

Alaga, matar da ke jan ragamar bikin, ta ɗauki lasifika.

"Ina mai neman 'yarmu? Ya shigo da mutanensa, mu ga ko ya san darajar gidan nan!"

Tunbosun ya shigo cikin farar babbar riga agbada, shi kaɗai.

Wata ta yi tsaki. Alhaja ta rufe ido.

Sai kiɗan kalangu ya tashi daga bakin titi. Motoci uku manya suka tsaya. Maza suka yi ta fitowa, duk da hula shuɗiya iri ɗaya, mai ɗan farin wata a gefe. Malamin makaranta daga Ilorin, direban tanka daga Kotonu, likitan haƙori daga Ibadan, wani tela ma tun daga Kumasi. Suka cika rumfar, suka cika harabar, suka tare titi har masu babur suka fara zagi. Mata na biye da su, Iya Ibeji a gaba da sandarta ta gaske.

"Ku kwanta!" in ji alaga.

Maza ɗari biyu da wani abu suka zube rub da ciki a lokaci ɗaya, har ƙura ta tashi.

"Roƙo kuka zo ko ƙwace?"

"Roƙo muka zo!"

Alhaja ta miƙe tsaye, gwaggwaronta ya karkace.

"Kai Tunbosun, ɗago. Ka ce mini kai maraya ne. Waɗannan duk 'yan uwanka ne ta ina?"

Iya Ibeji ce ta amsa. "Jirgi ɗaya muka hau, Alhaja. Ranar da na fito asibiti, yaron nan ne ya goya ni har hawa na uku. Ni ce uwarsa yau. Ki faɗi abin da kike so."

Alhaja ta kalli matan Balogun, ta ga bakunansu a buɗe. Sai ta gyara ɗaurinta, ta ɗaga hanci.

"Ai na gaya muku surukina mai jama'a ne, kuka ɗauka wasa nake!" Ta juya wajen masu girki. "Me kuke kallo? A ƙara ɗora ruwan amala, wannan ba zai kai ko'ina ba!"

Da aka fito da Radeke, ta durƙusa, ta sa masa hula a kai kamar yadda ake yi. Ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Sannu da jiran jirgin da ba ya sauri, Aduke."

Ta murmusa a ƙarƙashin mayafi.

"Ai ya iso, maƙerina. Matsa mini in zauna."