Hannun Hagun Kamilu

"Kamilu, ina kwalbar Baba?"

Bai ɗago ba. Yana tsugune a gindin darbejiyar bayan gidansu, gabansa sandar ƙarfen da ya maƙala wa gwangwanayen fenti cike da siminti. Wurin da shi da abokansa suke motsa jiki, suke kira jim, ke nan a ƙauyenmu na gefen Bagwai. Ni kuma na biyo ta nan da furar Baba a ka, zan kai masa gona.

"Wace kwalba kuma, Aina'u?"

"Kada ka raina min hankali! Allurar da yake yi wa bijimin da ya turke don ya yi ƙiba. Jiya kai kaɗai ka taya shi zuba harawa. Yau babu ita!"

Ya miƙe a hankali, yana shafa hannunsa na hagu.

"Kaɗan zan yi... a hagun kawai."

Ashe kansa zai yi wa allurar.

Yana ɗan shekara tara ya faɗo daga bishiyar ɗorawa. Aka yi masa ɗori, hannun ya warke, amma ya tsaya siriri. Shekara uku ke nan yana ɗaga ƙarfe, kuma Kamilu ba irin samarin nan ba ne da za ka ga sama ƙato, ƙasa kamar ƙafar zakara. Yau ƙirji, gobe baya, jibi ya saɓa buhun masara ya yi ta tsugunno har cinyoyinsa su kama rawa. Ya ci wake, ya ci awara, ya sha nono. Kullum maganarsa ɗaya, kowace gaɓa sai ta dace da 'yar uwarta.

Ko'ina ya ba shi haɗin kai, ban da wannan hannun.

Kuma bakina ne ya ja. Ni dama Allah ya yi ni da tsokana. Ranar da aka sa mana rana, aka ce bayan kaka, na ce ni zan ɗinka masa kaftanin ango da kekena. Na miƙa masa tef a zaure ya auna damtsensa. Dama inci goma sha biyar, hagu goma sha biyu. Na tuntsire da dariya na ce, "Ashe maza biyu zan aura, ƙato da yaro!"

Ya taya ni dariya. Ban lura idonsa bai yi ba.

"Wallahi wasa nake yi ranar nan," na ce masa yanzu.

"Na sani, masoyiyata. Amma gaskiya kika faɗa."

"Maganin shanu ne fa, Kamilu! Kai sa ne?"

"Wani abokina ya ce a birni ana yi. Sati kaɗan, hannun ya cika."

"To zan faɗa wa Baba."

Nan ya dube ni sosai.

"Kin san Malam Nababa. Kina faɗa zai ce ba zai ba ɓarawo 'yarsa ba. Shi ke nan an fasa. In haka kike so, ga hanya nan."

Haka kuwa yake. Mahaifina mutum ne da ko ƙuli-ƙuli ka ɗaukar masa ba izini, sai ya shekara bai manta ba. Na tsaya da ƙwarya a ka, ina son Kamilu kamar raina, ina jin haushinsa kamar in rufe shi da duka.

Da na isa gona Baba ya karɓi furar ya ce, "Aina'u, ba ki ga kwalbar nan ba?"

Na ce, "Ban gani ba, Baba."

"To ko a kasuwar Tsanyawa na yar..."

Na sunkuyar da kai. Ƙaryar farko ke nan da na taɓa yi masa.

Bayan sati biyu Kamilu ya zo zance da la'asar yana washe baki. Hagun ya kai inci sha uku. Bayan wata, sha huɗu. Fuskarsa ta yi jawur ta cika, gumi na tsatstsafo masa ko da iska na kaɗawa.

"Ka daina haka nan, don Allah. Ya isa."

"Saura inci ɗaya, Aina'una. Ɗaya tak! Ki yanka hannayen rigar daidai, kada ki rage na hagu."

"Jikinka da zafi fa..."

"Aiki ne maganin yake yi."

Na yarda, saboda ina so in yarda. Na yanka shaddar, hannu biyu awo ɗaya, na ɗinka na rataye.

Ranar da sati shida ya cika ya shigo zaure yana jan ƙafa, tef a hannu, idanunsa na ƙyalli.

"Duba! Sha biyar da sha biyar! Yau na zama mutum ɗaya!"

Bai rufe baki ba Baba ya yi sallama, garma a kafaɗa. Kamilu ya durƙusa zai gaishe shi, tashin ya gagara. Baba ya ajiye garmar ya tsaya yana kallonsa, irin kallon da yake yi wa dabba a kara kafin ya taya. Shekara talatin yana turka, babu mai sayar masa da sa mai kumburi a matsayin mai ƙiba.

"Miƙo hannun nan."

Ya danna babban yatsansa a damtsen. Kamilu ya saki ƙara. Da Baba ya ɗauke yatsan, ramin ya zauna bai dawo ba.

"Wannan ba nama ba ne, yaro. Ruwa ne da mugunya. Me ka sa wa jikinka?"

Kamilu ya kau da kai.

Baba ya juyo gare ni. Ban iya riƙewa ba, na fashe da kuka.

"Kwalbarka ce, Baba... na sani tun ranar..."

"Sati nawa?"

"Shida."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Na zaci zai mare ni. Bai ko ƙara kallona ba. Ya fita da gudu, ga shi da girma, ya tsaro mota a bakin titi. Shi ya tallafi Kamilu har cikinta, shi ya aika aka kira mahaifiyarsa, Inna Hure, wadda ba ta da kowa sai shi.

A asibitin birni likita ya ce ciwon ya shiga jini, ƙodojin sun tsaya. Ya ce da an zo da wuri... bai ƙarasa ba, ni ma ban so ya ƙarasa ba.

Kwana huɗu ya yi. A na ukun aka bar ni na shiga da rana. Duk jikin da ya shekara uku yana ginawa ya kumbura, ba ka gane kafaɗa balle ƙirji.

"Kin gama rigar?"

"Na gama."

"Daidai kika yi su?"

"Daidai."

"Ki yafe min, Aina'u. Na sa ki yi wa Baba ƙarya."

"Kai za ka yafe min! Ni na yi maka dariya! Wallahi hannun nan bai taɓa damuna ba, a haka na gan ka, a haka na so ka!"

Ya yi murmushi da ƙyar.

"Da kin faɗa min haka tun a zaure..."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Saura kwana goma sha tara ɗaurin aurenmu, gero ya nuna a gonarsa babu mai yanka. Baba ne ya tara mutane suka girbe wa Inna Hure. Da na je gaisuwa ta rungume ni ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, 'yata." Na so a ce zagina ta yi.

Baba bai ce da ni komai ba sai bayan sadakar bakwai. Ya same ni a tsakar gida ya zauna a kan turmi.

"Da kin faɗa min, da na yi faɗa. Da na ce na fasa, in kwana biyu in huce. Da yanzu yana nan yana jin haushina."

Hawaye ya sauko masa har gemu. Ban taɓa ganin kukan Baba ba sai ranar.

Ƙarfen yana nan a gindin darbejiya, ciyawa ta fara rufe gwangwanayen. Ba na bin hanyar yanzu.

Jiya na sauko da kaftanin daga ƙusa. Na ɗauki reza na farke hannun hagu, zare bayan zare, ina kuka har ba na ganin allura. Na sa tef na auna, na rage shi, na mayar kan keke na ɗinke.

Inci goma sha biyu. Hannun Kamiluna ke nan.