Adakar Tsohon Tafinta

Da hantsi Nuruddeen Halliru ya shigo ofishin 'yan sanda na Rano yana kumfar baki, wata matashiya na biye da shi, ta rungume jakarta a ƙirji. Ba wanda ya riƙe ta, amma kana ganinta ka san kawo ta aka yi.

"Yallaɓai, ɓarauniya na kawo muku," in ji shi. "Ta sace adakar mahaifina."

Sufeto Ƙasimu ya ajiye kofin shayinsa. Mutum ne da ba ya son hayaniya da safe, kuma maganar gaskiya, ko da rana ma ba so yake ba.

"Sassauta murya, malam. Wane ne mahaifin naka?"

"Alhaji Halliru Tafinta."

To, wa zai ce bai san Alhaji Halliru ba a Rano? Ƙuruciyarsa duk a ofisoshin jakadancin Najeriya na Chadi da Sudan ta ƙare, yana fassara Larabci da Faransanci tsakanin manya. Yanzu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, magana ma da ƙyar take fita.

"Takardunsa na aiki ne a ciki," in ji Nuruddeen. "Ita kaɗai ce baƙuwar da ke shiga ɗakin, kuma makullin adakar yana hannunta. Jiya da la'asar an gan ta a ƙofar gidanmu. Ni dai a kai ta kotu. Jami'ar tasu ma da ƙafata zan je in faɗa musu irin ɗalibar da suke da ita."

Sufeto ya sa shi ya jira a waje, ya nuna wa yarinyar benci. Ta zauna.

"Sunanki?"

"Muhsina. Digiri na uku nake yi a Kano, a kan dangantakar Najeriya da Chadi."

"Me ya kawo ki Rano?"

"Neman madogara, Yallaɓai. Na yi yawon gidajen adana takardun tarihi har na gaji. Na zamanin Turawa na samu da yawa, amma na shekarun da nake nema ƙalilan ne. Sai aka yi min kwatancen Baba Alhaji. Duk zaman da ya yi tafinta a kan iyakar Tafkin Chadi da rikicin masunta, ya ajiye nasa kwafin. Ga hotuna, ga kaset-kaset. Aikina gaba ɗaya a kan adakar nan ya tsaya."

"Yaushe rabonki da gidan?"

"Shekaranjiya."

"An ce an gan ki jiya."

Ta sunkuyar da kai. Kai, ƙaryar wanda bai saba ba abin tausayi ce, ko numfashi biyu ba ta yi ba ta rushe.

"Na je," ta ce. "Tsoro ne ya sa na ɓoye. Malam Nuruddeen ya ce kada in ƙara taka musu gida, shi ne na je roƙon Hajiya, matar Baba Alhaji. A zaure na tsaya, wallahi ban shiga ba."

"Da wane yare aka rubuta takardun?"

"Fiye da rabi Larabci ne. Sauran Faransanci da Turanci."

Sufeto ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ya san halin DPO ɗinsu sarai. Idan yamma ta yi babu adaka, ga makulli a jakarta ga ƙarya a bakinta, bayan kanta za ta kwana, gobe sai kotu. Ya faɗa mata haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sannan ya kira Kofur Zulaiha ta taho da ita.

A gidan, Hajiya Tani, matar Alhaji, ta tare su tun daga soro tana yarfa hannu.

"Don girman Allah a yi a hankali. Alhaji bai sani ba. In ya ji, jininsa zai hau, ban san abin da zai biyo baya ba."

Suka shiga ɗakin karatun a kan yatsun ƙafa. Gurbin adakar yana nan a kusurwa, wuri mai tsabta a tsakiyar ƙura. Sufeto ya durƙusa. Adakar ƙarfe ce, kuma jan ta aka yi, don ta karce siminti. Ya bi kartar da ido. Ba zaure ta nufa ba, ƙofar baya ta yi.

"Kai kana ina jiya?" ya tambayi Nuruddeen.

"Ina Kibiya wajen sayen taki. Sai bayan magariba na dawo."

Sufeto ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. "Hajiya, me aka ƙona? Ina jin ƙaurin roba."

"Shara ce," ta amsa da sauri. "Sharar turken awaki. Ni na cinna mata wuta."

"Awakinku roba suke ci?"

Ya wuce ta ya nufi ƙofar baya.

A bayan gida akwai juji, inda ake zubar da kashin dabbobi da duk wata ƙazantar gida. A samansa ga toka tsibi guda, da sauran ɗumi a cikinta. Sufeto ya samu kara ya fara tonawa. Ga kaset ya narke ya dunƙule. Ga gefen hoto, saura ƙafafun mutane cikin takalman ofis. Ga guntayen takardu da wuta ta ci ta bar gefensu.

Muhsina ta saki wata ƙara ta zube a kan gwiwoyinta. "Innalillahi! Shi ke nan. Shi ke nan, na shiga uku."

"Kun gani ko?" in ji Nuruddeen. "Ta kwafe abin da take so, ta ƙona saura don kada wani ya samu. Kukan munafunci ne."

Sufeto bai ko kalle shi ba. Ya ci gaba da tsince guntayen yana jera su a kan wani dutse, yana juya kowane. Ya daɗe yana abu ɗaya, har Kofur Zulaiha ta fara gyaran murya.

"Muhsina, share hawayenki ki zo ki duba min. Wannan wane yare ne?"

"Faransanci."

"Wannan fa?"

"Turanci. Wannan ma."

"Nemo min na Larabci ko ɗaya."

Ta tona, ta sake tonawa, hannunta ya yi baƙi ƙirin. Babu.

"Takardun Larabcin, da me suke farawa?"

"Da Bisimillah, kusan dukansu. Haka ofisoshin can suke buɗe rubutu."

Sufeto ya karkaɗe hannunsa. Lallai wanda ya yi aikin nan ɗan gida ne mai tarbiyya. Ya iya sata, ya iya ƙone-ƙone, amma hannunsa ya ƙi jefa sunan Allah a kan juji. Zama ya yi ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Kuma a garin nan wuri ɗaya ake kai takarda mai sunan Allah idan an gama da ita.

"Kofur, tsaya nan, kada kowa ya fita. Muhsina, biyo ni."

An idar da azahar ke nan suka isa masallacin unguwar. Ladanin, wani dattijo mai suna Malam Amiru, yana naɗe tabarmi. Sufeto ya gaishe shi da ladabi, sannan ya tambayi buhun da ake tara tsofaffin shafukan Alƙur'ani da yagaggun littattafai.

"Ai ya cika, Yallaɓai. Ɗazu da safe na kai shi gonata ta hanyar Saji na binne. Wuri ne mai tsarki, can nake kai su kullum."

"Wa ya cika shi?"

Malam Amiru ya kawar da kai. "Masu kawowa da yawa. Ba na riƙe fuska."

Kafin Sufeto ya sake magana, iska ta kaɗo mai sanyi, ta ɗaga labulen ƙofar masallacin. Duk suka dubi gabas. Hadari ya haɗo baƙi wuluk, yana tahowa ta kan duwatsu.

"Tawadar alƙalami ce a mafi yawansu," in ji Muhsina. "Ruwa na taɓa su sun tafi."

"Ramin mai zurfi ne, Malam?"

"Ina fa zurfi, da wannan ƙarfin nawa?"

Motar ofis, kamar kullum, tana wajen bakanike. Adaidaita suka tare. Mai adaidaitar ya ga kaki ya fara rantsuwar cewa takardunsa cikakku ne, Sufeto ya daka masa tsawa ya ce ya ja kawai. Hanyar Saji kuwa damina ta gama da ita, duk ramin da suka faɗa sai Malam Amiru ya yi salati. Muhsina ta ƙanƙame jakarta. Idonta na sama, leɓɓanta na motsi.

Suna sauka aka fara yayyafi. Suka kutsa cikin dawa da gudu, ganye na marin fuskokinsu, har gindin wata tsamiya inda ƙasa take sabuwa. Babu fartanya. Sufeto ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙa wa Muhsina, ya durƙusa ya fara tono da hannu. Ita ma ta durƙusa. Ɗigon ruwa ya ƙara girma, ƙasar ta fara zama taɓo a tsakanin yatsunsu, kuma har yanzu ba su taɓa komai ba.

"Malam, ka tabbata nan ne?"

"Nan ne... ko kuwa ɗan gaba kaɗan?"

Haba Malam! Sufeto ya haɗiye abin da ya zo bakinsa, suka matsa gaba. Can yatsansa ya kama bakin buhu. Suka finciko shi tare, Muhsina ta lulluɓe shi da rigar, suka ruga cikin adaidaita daidai lokacin da ruwan ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Ta kwance bakin buhun. Na sama sun jiƙe, tawada ta fara gudu. Amma na ƙasa lafiya lau, ɗaure-ɗaure da hatimin ofisoshi a jikinsu. Ta kifa fuskarta a kansu tana kuka.

Sufeto ya juya ga ladanin. "Malam, yarinyar nan ake shirin kai wa kotu a kan takardun nan. Har yanzu ba ka riƙe fuska?"

Dattijon ya nisa. "Ɗan Alhaji ne, Nuruddeen. Jiya kafin la'asar ya kawo. Ya ce kada in faɗa, wai sadaka yake yi wa mahaifinsa a ɓoye."

Ruwa ya tsagaita lokacin da suka koma gidan. Sufeto ya dire buhun a tsakar gida a gaban Nuruddeen.

"Ka ce kana Kibiya har magariba. Malam Amiru ya ce kafin la'asar kana masallaci da wannan."

Nuruddeen ya dubi buhun, ya dubi mahaifiyarsa. Hajiya Tani ta rufe fuska da mayafi.

"Na ga hayaƙin," ta ce cikin kuka. "Na san yaron nan ne. Me zan ce, Yallaɓai? Ni na haife shi."

"Ina adakar?"

"Tana cikin rumbu, ƙarƙashin ƙaiƙayi," in ji Nuruddeen. Muryarsa ta mutu. "Ni na fasa kwaɗon. Ni na ƙona."

"Don me?"

"Don me?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Yallaɓai, na girma ban san mahaifina ba sai a bakin mutane. Yana Chadi, yana Sudan. Da ya dawo, bai dawo mana da komai na shekarun nan ba sai adakar nan, kuma ko kusa da ita ba ma zuwa. Ina ƙarami na taɓa buɗe murfin don in ga hotonsa, ya yi min dukan da har yau ban manta ba. Ni nake juya shi a gado, ni nake masa wanka. Sai wannan ta zo daga Kano, ta yi gaisuwa biyu, ya cire makulli ya ba ta. Ina jin su ta taga, yana ba ta labari da bakin da ba ya iya kiran sunana daidai. Zuciyata ce ta ci ni. Da na ga toka kuma sai tsoro ya kama ni, na ce gara a ce ita ce."

"Ka san da ta kwana a bayan kanta, karatunta ya ƙare?"

"Na sani."

Kofur Zulaiha ta fito da ankwa. Sai aka ji ƙarar sanda a kan siminti, a hankali, ana jan ƙafa. Alhaji Halliru ne a bakin ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango, ɓarin fuskarsa a saki. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake tsaye a wurin.

Tsohon ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Nuru... da ka... tambaye ni."

Nuruddeen ya durƙusa, hawaye na zuba. "Na tambaya, Baba. Na yi ta tambaya. Cewa kake ba na yara ba ne."

Alhaji ya yi tangaɗi. Hajiya Tani ta ruga ta tare shi.

Sufeto Ƙasimu ya yi wa Kofur alama ta mayar da ankwar aljihu. Ya kama Nuruddeen a kafaɗa ya ɗaga shi.

"Tashi mu je. Akwai ɓarna, akwai ƙarar ƙarya, duk za ka amsa su." Ya dubi Muhsina da ke rungume da buhun. "Ke kuma babu abin da ake tuhumarki da shi. Je ki shanya na saman kafin su manne."

Suka fita ta zaure. Har suka kai bakin titi suna jin muryar tsohon daga cikin gida, yana ta ƙoƙarin kiran sunan ɗansa cikakke.