Faya-fayan Shafa'atu a Bangon Mai Shayi

A kasuwar Bunguɗu Tajuddeen ya fara ganin jikata Shafa'atu, shekara biyu bayan an ba mu jihar Zamfara. Ina wajen, kuma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ta kawo faya-fayan da ta saƙa. Shi kuwa yana neman abin ƙawata shagon shayin da zai buɗe a Sabon Garin Gusau. Ya ce ya sa teburan fomeka, da madubi, da fanka, da doguwar fitilar lantarki, amma wurin ya zama kamar asibiti.

"'Yammata, ina son bangon da zai tuna wa mutum ɗakin kakarsa," in ji shi.

"To ka sayi kakar mana," ta ce, tana rufe baki da gyale.

Daga ranar ya san hanyar ƙauyenmu, Kekun Waje. Yana kiranta Tauraruwa, tana kiransa Mai Madara. Wata rana ta naɗe masa wasu faya-fayai masu ja da kore, ta ƙi karɓar ko kwabo. Su ne ta saƙa don jeren ɗakin aurenta. Ɗan birni bai san haka ba, ya je ya kafa su a bango.

Labbo direba, wanda ya daɗe yana sonta tana ƙinsa, ya sha shayi a can, ya kawo gulma da zafinta. Ubanta Yari, ɗan da na haifa, ya tashi kamar zai ci mutum.

"Kayan ɗakin ɗiyata a gaban 'yan tasha? Kar ya sake taka gidan nan."

Shafa'atu ta daina cin abinci. Ni kuma ba wanda ya tambaye ni. Ni da agana ta kama ta saki, ni da na ci tafasa tsagwaronta shekarar fari ban mutu ba, a yanke magana a gidana ina zaune? Na ja Yari muka hau mota zuwa Gusau.

Wallahi wurin ya yi kyau. Akussa a jere bisa kanta, ƙoren zane kewaye da madubi, tabarmar kaba a gefen kujerun ƙarfe. Faya-fayan suna can sama ƙarƙashin fitila, inda hannu ba ya kai.

Tajuddeen ya durƙusa. "Baba, ban sani ba. Yanzu zan sauke su."

"Taɓa su ka gani," na ce. "Kai ne mai ƙwace mini amarya da wannan shayin naka kamar ruwan wanke kwano?"

Na juya ga Yari. "Tun da kake, ka taɓa ganin an yi jere an kwashe, ba amarya?"

"A'a, Baba."

"Da gangan ta ba shi. Kaya sun riga sun tare. Saura mai kaya."

Yari ya kalli bangon, ya nemi a ƙara masa sukari.

Bayan girbi aka ɗaura. Labbo ne ma ya ɗauko 'yan kai amarya, fuskar nan a murtuke. Da za ta shiga mota ta ce, "Kaka, ka sake ni ke nan?"

Na ce na sake ta, Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Shayin dai har yau bai gyaru ba, amma kujerar da ke ƙarƙashin faya-fayan tawa ce.