Taƙi Ɗaya Ƙasa da Gwiwa

"Ko wandon nan, ko ɗana. Ki zaɓi ɗaya!"

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannun 'Yar Tawada. Haka ake kiranta a maɗaba'a, don shekara shida ke nan yatsunta ba su rabu da baƙin tawada ba. Saura wata biyu aurenta da Tela, ga uwarsa a waya tana huci.

"Inna, don Allah ki saurare ni..."

Ƙit! Aka kashe.

Ba wani laifi ta yi ba. Doka ce ta sauya a wurin aiki: duk mai tsayawa gaban inji sai ya sa shuɗiyar riga da wando, mata su ƙara ɗan hijabi mai kama wuya. Ba mayafi, ba dogon hijabi. 'Yar ƙanwar Inna, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Tela, ita ta ɗauke ta hoto a bakin ƙofa ta kai gida.

Da yamma Tela ya zo, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Hasken idona, kuka kika yi?"

"Albasa na yanka."

"Albasar da ta iya kiran waya?"

Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata.

"In na bar aikin nan, na bar rabin raina. In na bar ka kuwa..."

"Kar ki ƙarasa. Manajanku ya ce dole sai ɗinkinsu?"

"Ya ce shuɗi dai, kuma kada wani abu ya yi lilo."

"Shi ke nan. Gobe zan kawo Inna."

Washegari ya kuwa kawo ta, fuskarta a murtuke. Injina na ruri, takarda na gudu kamar ruwa. Inna ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta taɓe baki. Sai idonta ya faɗa kan wani hijabi da aka rataye a ƙusa, rabinsa a tattaune, baƙi ƙirin da mai.

"Wannan tsumman fa?"

"Na abokiyar aikina ne, Inna. Ta sunkuya ɗaukar takarda, inji ya cafki gefensa. Ni na kashe wutar injin. Har yau ba ta iya waiwaye."

A hankali Inna ta tattare mayafinta ta matse a hammata, ta ja da baya taku biyu.

"Wane ne ya ɗinka miki wannan riga kamar ta aro? Ko cinya ba ta rufe ba!"

"Ni zan ɗinka wata," in ji Tela. "Sai dai ban taɓa auna ta ba, kuma ba yau zan fara ba."

Ya zare tef ɗin ya miƙa wa uwarsa hannu biyu.

Ta dube shi. Ta dubi tef. Ta fizge.

A ɗakin sauya kaya na mata, Inna na awo tana faɗa, Tela na bayan ƙofa yana rubutawa.

"Ɗaga hannu. Ke, ba kya cin abinci ne? Kai kuma rubuta: taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa, hannu tsukakke. Ko zare kar ka bari yana reto. Idan inji ya taɓa min suruka, kai zan kama!"

Suruka!

'Yar Tawada ta rufe fuska da tafi, ta bar baƙi a kumatunta.

Manaja ya ga rigar ya yarda. Kafin wata ya ƙare, matan wurin duk sun koma irin ɗinkin. 'Yar ƙanwar Inna mai ɗaukar hoto kuwa ta ci abincin biki kamar kowa, ba wanda ya tada zancen.

Mayafin amarya Inna ce ta zaɓa, dogo har yana jan ƙasa.

"Gidan ɗana dai babu inji," in ji ta.

"Akwai keken ɗinki, Inna," in ji Tela.

"Rufe min baki!"